Tarihin Gano Benin Dutse da Makomar Kurmin Duwatsu

A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, saboda shahararsu a rini. Abin sha'awa, wani ɗan tsuntsu mai launin baba, baƙi wuluk mai sheƙi, shi ne ya tona asirin wani tsuntsun da masana suka daɗe ba su sani ba.

Wannan baƙin tsuntsu ba ya saƙa sheƙa. A sheƙar beni yake zuba ƙwansa, ɗansa ya tashi a can, ya koyi kukan mai riƙonsa. Robert Payne, na Jami'ar Michigan ta Amurka, ya ji yana kwaikwayon wani kuka a duwatsun Jos wanda bai dace da na kowane beni sananne ba. Da aka bi sawu sai aka sami mai kukan, watau wani beni mai jan baya da kai ruwan toka. A shekarar 1998 Payne ya bayyana shi a matsayin sabon jinsi, da sunan Lagonosticta sanguinodorsalis. Daga baya an same shi a duwatsun Mandara, har cikin Kamaru. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis, wadda aka kafa a dajin Amurum kusa da Jos cikin 2001, ta ci gaba da bincike a kansa.

Ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin jerin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Amma fa wannan hukunci yana da sharaɗi. Mazauninsa ƙunci gare shi: sarƙaƙiyar da ke gindin duwatsu, inda yake tsintar 'ya'yan ciyawa, da ruwan da yake sha da rani. In sarƙaƙiya ta tafi, tsuntsaye biyu za su tafi tare.

Irin waɗannan duwatsu ne suka ƙawata ƙasar Rano da Kibiya, inda Dawaki take. Hukuma ta keɓe dajin Kogin Kano tun zamanin Turawa, ya zama Falgore daga baya, amma ƙananan kurmin gindin dutse suna hannun masu saran itace da masu fasa dutse. Saboda haka nauyin ya koma kan dagatai da ma'aikatan gandun daji na ƙananan hukumomi, domin su ne suke ganin gatari tun kafin ya sauka.