Tsukakken Harafi Mai Ado da Ƙugiyar Hausa a Madawa, Buza da Keita

Masu aikin ɗab'i sun kasa haruffan boko gida biyu. Akwai ƙanana na cikin littafi, akwai kuma manya na kanun jarida da allunan talla, waɗanda ake so a hango su daga nesa. Cikin kashi na biyu akwai wani iri dogo, siriri, mai ƴan ƙafafu a bakin kowace sanda, wani lokaci a tsaga ƙafar biyu ko a yi wa harafin ƙulli a tsakiya don ado.

Asalinsa ƙasar Ingila ne, a farkon ƙarni na 19, sa'ad da fatauci ya bunƙasa, takardun talla suka cika bangayen Landan. A shekara ta 1815 maƙerin haruffa Vincent Figgins ya fitar da masu kaurin ƙafa. A Amurka kuwa Darius Wells ya shiga sassaƙa manyan haruffa da itace, ya buga littafin samfurinsu a 1828, domin na dalma in sun yi girma nauyi da tsada suke yi. Dalilin tsuke harafin a fili yake: faɗin takarda ba ya ƙaruwa, mai talla kuwa yana son doguwar kalma ta shiga layi guda ba tare da ta rage tsawo ba.

Duk wannan an yi shi ne saboda Turanci da Faransanci. Hausar boko kuwa tana da baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a Nijeriya ta Arewa cikin shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya ta yaɗa su daga 1939. Nijar ta ƙara da ƴ, a inda Nijeriya ke rubuta 'y. A nan ne tsukakken harafi ya gamu da cikas. Ƙugiyar babban Ɓ da Ɗ tana fitowa ne daga sama ta hagu, daidai wurin da maƙeri ya riga ya dasa ƙafar ado. Ta Ƙ da Ƴ tana bisa hannun dama, tana bukatar fili ta lanƙwasa, tsukewa kuwa filin take cinyewa. In aka matse harafin aka kuma yi masa ado, mai karatu ba ya rarrabe ƙugiya da kwalliya. Abin ba ƙarami ba ne, gama da ita ake bambanta ƙafa da kafa, ɓata da bata, baƙi da baki, ɗaiɗai da daidai.

A yankin Madawa da Buza da Keita ilmin allo da rubutun ajami sun daɗe da kafuwa, makarantar gwamnati kuma da Faransanci take koyarwa. Hausar boko ta shiga ƙauyuka sosai ne ta hanyar yaƙi da jahilci, wanda gwamnatin Nijar ta kafa wa ma'aikata a 1963. Bayan taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, Nijar ta riƙa ninka wasali in dogo ne. Sunayen jaridun karkara na lokacin sun isa shaida: Gangaa, da Saabon Ra'ayii ta jihar Tawa. Ninkin ya tsawaita kalmomi, har ya zama kanun Hausa na Nijar sun fi na Kano da Zariya bukatar tsukewa, alhali su ne tsukewa ta fi cuta.

Irin waɗannan jaridu galibi da keken rubutu ake buga su a kan takardar kaki, a murza a inji. Keken na Faransanci ne, ba shi da ƙugiya, sai a bi da hannu a ƙara. Manyan kanu ma da hannu ake zana su. Wannan rashi ya zo da wani amfani, domin mai zane yana iya buɗa wa Ƙ fili ya matse A da S da ke biye, abin da harafin dalma ba ya yarda da shi. Haka masu fentin alluna suke yi a kasuwanni da jikin manyan motoci, ko da yake da yawansu Faransanci suka koya, sukan yar da ƙugiyar gaba ɗaya.

Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya kawo ƙarshen ninka wasali, kalmomi suka koma gajeru. A Nijeriya an nemi maganin ƙugiya ta wajen ƙira, inda Bajamushe Hermann Zapf ya sa hannu a haruffan Pan-Nigerian a tsakiyar shekarun 1980. Tsarin Unicode na kwamfuta ya ba kowane baƙi mai ƙugiya lambarsa tun 1991, gwamnatin Nijar kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutunta a watan Oktoba na 1999. Haruffan cikin littafi irin su Gentium da Andika suna ɗauke da baƙaƙen duka. Na ado kuwa, akasarinsu har yanzu babu ƙugiya a cikinsu, don haka in aka buga kalmar ƘASA da su, kwamfuta takan aro Ƙ daga wani iri dabam, ta fito gajera mai faɗi a gaban sauran haruffa uku.