Dokar lafiyar da ta shekara goma a majalisa

 A shirin wannan mako daga nan Fau mun ɗauko tarihin wata doka ta Najeriya, ƙasar da kakannin da yawa daga cikinmu suka baro kan hanyarsu ta Makka. Za ka ce ina ruwanka da majalisar Abuja? To, biyo ni a hankali.

A 2004 aka fara kai ƙudirin dokar lafiya ta ƙasa gaban majalisa. Sai a 2011 majalisun biyu suka amince da shi, amma Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. Likitoci na ja, ma'aikatan jinya da masu haɗa magani na ja, kowa na son a ba ɓangarensa ragamar manyan asibitoci. Ƙudiri ya mutu, aka koma farko.

Sanata Ifeanyi Okowa na PDP, shugaban kwamitin lafiya na majalisar dattawa, ya sake tayar da shi. A 2014, ana tsakiyar zafin shirin zaɓe tsakanin PDP da sabuwar APC, 'yan majalisa suka amince, Jonathan ya sa hannu kafin shekarar ta ƙare. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ƙananan asibitoci. Rabin kuɗin na kula da marasa lafiya ne ta hanyar inshora, sauran kuma na magani da rigakafi da gyaran gini da ma'aikata da agajin gaggawa. Ta kuma hana asibiti korar wanda aka kawo rai a hannun Allah.

Amma fa sa hannu daban, magani a kanta daban. Kasafin 2015 da 2016 da 2017 duk suka wuce ba a sa kuɗin ba. Sai a 2018, ƙarƙashin gwamnatin APC ta Muhammadu Buhari, majalisa ta saka kimanin naira biliyan 55. Ka ga ke nan, wata jam'iyya ta kafa doka, abokiyar hamayyarta ta zuba kuɗi. Da dokar ta gida ɗaya ce, da tuni an binne ta da faɗuwar masu ita.

Mu dawo gida Sudan. Dokar ta'amin ta fito a 1994, aka fara aiki da ita a Sinnar a 1995, dokar 2016 kuma ta wajabta ta kan kowa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza asibitoci, kwalara ta shigo Gadarif, ka kuma ga yadda mutanen Madani suka kwararo ta Fau.

In Allah ya kawo sulhu, masu hamayya za su zauna su sake tsara lafiya. Ranar, kada ka tsaya kallo. Ka tambayi wakilinka abu uku: daga wace aljihu kuɗin zai fito? Katin ta'amin zai yi wa makiyayi aiki in ya koro dabbobi daga Butana zuwa wata jiha? Ɗan kasuwar da ciwo ya kama a Gallabat fa, wa zai karɓe shi? In ba a rubuta amsar a doka ba, kada ka yarda da alkawarin baki.