Albashin Ma'aikatan Jinya a Gida da Ƙetare: Inda Tazarar Ta Samo Asali

Bayan kakar 2023 ɗiyar wata 'yar'uwata, wadda aka haifa ta kuma yi karatu a tsallaken iyaka cikin Nijeriya, ta zo yi mana ban kwana. Shekara shida ta yi tana aikin nas a wani asibitin ikilisiya, ga shi kuwa ta sami aiki a Ingila. Da aka gama sujadar Lahadi ta roƙa a yi mata addu'a. Sai wani dattijo ya miƙe ya ce shi kam ba zai sa bakinsa ba, gama a ganinsa yarinyar ta sayar da kiranta saboda kuɗi. Ba ta yi masa musu ba. Ta dai ce wata uku ke nan ba ta karɓi cikakken albashi ba, ƙannenta huɗu kuma ita suke dubawa. Aka watse, kowa zuciyarsa da nauyi.

Tun daga ran nan nake juya maganar. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu yanke wa 'ya'yanmu hukunci, ya kamata mu san yadda aka yi aiki iri ɗaya, hannu iri ɗaya, ya zama a wata ƙasa yana ciyar da gida, a wata kuwa ba ya kai mutum ƙarshen wata.

Zamanin da ake zuwa wurinmu

A farkon al'amari, ma'aikatan jinya daga Turai da Amurka suke tahowa nan. An buɗe asibitin mishan na Vom a ƙasar Filato a 1922. A ƙasarmu Nijar, Mishan SIM ta kafa asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Matan da suka zo aiki a irin waɗannan wurare sun bar albashin ƙasarsu, suka zauna da ɗan abin da ikilisiyoyin gida suke tara musu. Waɗansu ma a nan suka ba da ransu. A 1969 Laura Wine, nas a asibitin mishan na garin Lassa, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Aka kai ta Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Sunan garin nan ne aka sa wa cutar har wa yau.

Dattijon nan namu waɗannan mata yake tunawa, yana kuwa da gaskiya da ya girmama su. Amma akwai abin da ba mu cika faɗa ba. Sistar mishan tana da ikilisiya a bayanta, tana da hutun komawa gida, tana da inda za ta huta in tsufa ya zo. Baƙaƙen da suka yi aiki a ƙarƙashinta, masu wanke miki da masu ba da magani a disfensa, ladansu ƙanƙane ne, da yawansu sai sun haɗa da noma. A asibitocin gwamnatin mulkin mallaka kuwa manyan muƙaman jinya na Turawa ne, albashinsu daban, gidajensu daban. Ashe tazarar albashi ba a ƙetaren teku ta fara ba. A cikin ɗakin marasa lafiya guda ta fara.

Masu tafiya su komo

A 1948 Birtaniya ta kafa tsarin asibitocin gwamnati na kyauta ga dukan jama'arta. Ba ta da isassun ma'aikata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta juya ga ƙasashen da take mulka. 'Yan mata da yawa daga tsibiran Karebiyan da Afirka ta Yamma suka tafi. An tura da dama daga cikinsu ƙaramin horo na shekara biyu maimakon babban na shekara uku, wanda ya sa suka daɗe a ƙaramin matsayi da ƙaramin albashi.

Duk da haka, a lokacin nan tafiya neman ilimi ce, komowa kuwa ita ce daraja. Kofoworola Abeni Pratt, mutuniyar Legas, ta shiga makarantar jinya ta asibitin St Thomas a Landan a 1946, ta yi aiki can, ta komo gida a 1954. A 1964 ta zama 'yar Nijeriya ta fari da ta shugabanci ma'aikatan jinya a babban asibitin koyarwa na Ibadan. A Gana ma Docia Kisseih ta zama 'yar ƙasa ta fari da ta riƙe shugabancin aikin jinya na ƙasar duka a 1961. Kujerun da Turawa suke bari su ne suke jawo mutane gida.

Kuɗin gida kuma a lokacin yana da nauyi. Sa'ad da aka fito da naira a Janairu 1973, naira 2 ce fam guda. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Bayan ƙarin albashi na Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana iya sayen babur, ya kuma sa 'ya'yansa makaranta. Har ƙwararru daga Gana suka riƙa kwararowa Nijeriya neman aiki, gama tattalin arzikin ƙasarsu ya durƙushe, kafin gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu a 1983. Wannan ya koya mana cewa ma'aikaci ba fatar Bature yake bi ba. Inda guminsa zai ciyar da iyalinsa, nan yake dosa, ko da maƙwabta ne.

Sa'ad da kuɗi ya zama takarda

Farashin man fetur ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasashenmu katutu. Gana ta karɓi sharuɗɗan bankunan duniya a 1983. Nijeriya ta shiga tsarin SAP a 1986 a zamanin Janar Babangida, aka karya darajar naira, aka tsuke bakin aljihun gwamnati a kan asibiti da makaranta. Likitoci da nas-nas suka fara tafiya Saudiyya da Ingila da Amurka, har gwamnati ta kafa kwamiti a 1988 domin ya bincika gudun ƙwararru. Mu kuma namu rabon ya iso a Janairu 1994, da aka kwana sefa 50 ce faran ɗaya na Faransa, aka tashi ta zama 100. Magani da ake shigowa da shi ya yi tsada nan take. Waɗanda suka yi wayo a shekarun nan sun tuna yadda ma'aikatan gwamnati, har da majo na likitar ƙauye, sukan yi watanni ba albashi.

Misali guda ya isa ya nuna zurfin ramin. A 1981 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 125 ne, wato wajen dalar Amurka 200. A Yuli 2024 aka mai da shi naira 70,000. A takarda ya ninka sau ɗaruruwa, amma a kasuwar canji bai kai dala 50 ba. Ba ma'aikaciyar jinya ce ta yi wa kanta wannan ba, ba kuma ita ce ta ƙara kwaɗayi ba. Ƙasan da take tsaye a kai ne ya zaizaye.

Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a Afrilu 2001, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya. Kaɗan ne suka cika, Nijeriya da ta karɓi baƙuncin taron ma ba ta cika ba.

Ƙofar Ingila

A ɗaya gefen kuma mutanen Birtaniya suna ta tsufa, ba sa horar da isassun ma'aikata. Daga ƙarshen shekarun 1990 suka buɗe ƙofa, suka ɗan tura ta a 2006, sa'an nan suka sake buɗe ta bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 da annobar korona a 2020. Cikin 2022 kaɗai, ma'aikatan jinya fiye da 1,200 daga Gana suka shiga rajistar Birtaniya. A Maris 2023 waɗanda aka horar a Nijeriya sun haura 10,000 a rajistar nan, Indiya da Filifin ne kawai suke gabansu. A Fabrairu 2024 magatakardan hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya ya ce 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku.

To, nawa ne kuɗin? A Ingila, sabuwar nas a asibitin gwamnati ta fara da fam 31,049 a shekara daga Afrilu 2025, wato wajen fam 2,600 a wata. A 2025 fam yana kusan naira 2,000, ke nan sama da naira miliyan 5 a wata, ko kusan sefa miliyan 2. A ce takwararta a Nijeriya tana karɓar ninki biyar na mafi ƙarancin albashi, naira 350,000, da aka canza bai kai fam 200 ba. Wane uba ne zai ga wannan lissafi ya ce bai gane abin da ya ja 'yarsa ba?

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin ta tafi sai ta ci jarrabawar Turanci da ta aiki, ta biya kuɗin takardu, sau da yawa da bashi. Da ta isa, gwamnati takan cire haraji da kuɗin inshora da na fansho tun kuɗin bai shiga hannunta ba. Hayan ɗaki yakan cinye babban kaso, ga kuɗin ɗumama gida lokacin sanyi, ga tsadar mai reno, gama babu kaka ko gwaggo da za a bar wa yara. Ko 'yan ƙasar ba su gamsu da albashin ba. A Disamba 2022 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta shiga yajin aiki na ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara fiye da 100. Sai dai abin da ya rage, ko fam 200 ne ta aiko gida, ya zama albashin wata guda na wani. Asirin tafiyar ke nan: a ci wahala da fam, a ciyar da gida da naira.

Wanda yake biyan bashin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasa zuwa ƙasa a 2010. A 2023 ta lissafta ƙasashe 55 masu tsananin ƙarancin ma'aikata, cikinsu har da Nijar da Nijeriya da Gana da Kamaru da Cadi. Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe, amma ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba. Ƙofa a rufe, taga a buɗe.

Hukumar Nijeriya ta gwada tsare hanya a 2024, ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tabbatar mata da takardun fita. Ma'aikata suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A 2025 kuma nas-nas na Gana suka yi yajin aiki a Yuni, na Nijeriya a ƙarshen Yuli, kowa a kan albashi da yanayin aiki. Abin mamaki, a Gana an sha ganin dubban waɗanda suka gama karatu suna zaune shekaru suna jiran gwamnati ta ɗauke su, ga asibitoci kuwa suna kukan rashin hannu.

Mu a Nijar, da yake da Faransanci aka yi karatu, ƙofar Ingila ba ta kusa da mu. Amma tsanin iri ɗaya ne. Daga likitar ƙauye a nemi birni, daga asibitin ikilisiya a nemi na gwamnati, daga nan a nemi ƙungiyoyin agaji masu biyan albashi mai tsoka. Duk wanda ya hau mataki, wani daga ƙasa yakan cike gurbinsa, har a kai matakin ƙarshe inda babu mai cikewa. Can ne mace mai naƙuda take isowa a amalanke da tsakar dare ta tarar da ƙofa a kulle. Ita ce take biyan bashin da ba ta ci ba.

Abin da ya rage mana

Ya 'yan'uwa, a cikin labarin Basamariyen nan na Bishara ta hannun Luka sura 10 akwai abin da mukan tsallake. Bayan ya ɗaure wa mutumin raunukansa ya kai shi masauki, sai ya zaro kuɗi ya biya mai masaukin domin ya ci gaba da jinya, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Tausayinsa bai tsaya a baki ba, ya san mai jinya ma yana da ciki. In ikilisiya tana da asibiti, kada ta sa kalmar kira ta zama madadin albashi. A biya ma'aikata a kan lokaci kafin a fara ginin sabuwar majami'a. A tuna da su a baikon kaka. Waɗanda suka zauna alhali suna da hanyar tafiya, a girmama su yadda muke girmama sistocin dā, gama hadayarsu ba ta kasa ta waɗancan ba. Waɗanda suka tafi kuma kada abin ya tsaya a kan aiko wa dangi kuɗi. Mai iko ya ɗauki nauyin karatun wata yarinya da za ta tsaya a gurbin da ya bari.

Washegarin Lahadin nan na tafi gidan dattijon, muka daɗe muna magana. Bai canza ra'ayinsa duka ba, ni ma ban ce tafiyar ba ta bar rami ba. Amma da maraice ya zo da sandarsa, ya ɗora hannu a kan yarinyar, ya roƙi Ubangiji ya kiyaye ta a baƙuwar ƙasa, ya kuma tashi wata domin marasa lafiyar da ta bari. Dukanmu muka ce amin. Rabi na fari na addu'ar nan mun bar wa Allah. Rabi na biyu kuwa, akwai namu aikin a ciki.