Kujerar Sin, Madobiyar Dajinmu da Akushin Kaka

A watan Maris na 2015, a birnin New York, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wasu kujerun katako guda huɗu a kan dala miliyan 9 da dubu ɗari shida da 'yan kai. Babu zinariya a jikinsu, babu azurfa. Kujeru ne na zamanin daular Ming ta ƙasar Sin, daga cikin kayan da wani Ba'amurke dillalin kayan tarihi, Robert Ellsworth, ya rasu ya bari. Da za a ba da wannan labari a dandalin Babban Duhu bayan sallar isha'i, dattawa za su ce ko dai masu sayen sun zautu, ko mai ba da labarin ya ƙara gishiri. Amma gaskiya ne, kuma igiyar labarin ta miƙo har cikin dazuzzukanmu.

Daular Ming ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. A 1567 aka sassauta dokar da ta hana fatauci ta teku, sai itatuwa masu tauri suka riƙa shigowa daga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka haɗu da wani icce mai ƙamshi, mai launin zuma, da ake samu a tsibirin Hainan, wanda Sinawa ke kira huanghuali. Kafintocin yankin Suzhou suka ƙware wajen yin kujeru da tebura da gadaje ba tare da ƙusa ba. Sai su fafe wannan katako, su fiƙe bakin wancan, su cusa su cikin juna har su kama. Ado kaɗan ne, ana barin zanen da Allah Ya yi wa iccen ya bayyana da kansa. Da daular Qing ta karɓi mulki, fada ta fi karkata ga wani baƙin icce mai nauyi, zitan, da sassaƙa mai yawan ƙawa.

Daga baya kayan Ming suka koma tsofaffin tarkace a ƙauyuka. Wani malami Bajamushe, Gustav Ecke, ya buga littafi a kansu a Beijing a 1944, ya auna su, ya zana yadda aka harhaɗa su. Da juyin juya halin al'adu ya ɓarke a 1966, aka ɗauke su a matsayin alamar tsohon zamani, aka ƙwace da yawa, aka farfasa wasu. Cikin waɗanda aka kwashe wa kaya har da masani Wang Shixiang, wanda ya shafe shekaru yana bin lunguna yana sayen abin da mutane suka raina. Littafinsa da ya fito a Hong Kong a 1985 shi ya buɗe wa duniya ido. Nan da nan dillalai suka bazu ƙauyuka suna saye da araha, suna fitarwa waje. Da arziki ya zo wa Sinawa, sai ga su suna bin gidajen gwanjo na Turai da Amurka suna fanso kayan kakanninsu da ninkin ba ninkin abin da aka sayar da su.

Me mai saye yake dubawa? Na farko irin iccen. Na biyu haɗin, ko na asali ne ko an yi masa kwaskwarima. Na uku alamun tsufa, kamar santsin da tafin hannu ya bari a madafar kujera da cin da ƙasa ta yi wa ƙafafunta. Na huɗu salsala, wato hannun wa da wa abin ya bi. Kujerar da aka san tarihinta ta fi wadda ba a sani ba daraja, ko da kamarsu ɗaya.

Tsofaffin kaya ƙididdigaggu ne, masu kuɗi kuwa kullum ƙaruwa suke. Saboda haka masana'antu suka shiga ƙera sababbi a kan tsohon salo. A 2000 hukumomin Sin suka fitar da jerin itatuwa 33 da za a iya kira hongmu, wato jan katako mai daraja. Ɗaya daga cikinsu icce ne da Bahaushe ya daɗe da sani, madobiya, mai furanni rawaya da jan ƙaro, wadda makiyaya ke sassabo wa dabbobi ganyenta idan ciyawa ta ƙare. Da dazuzzukan Asiya suka yi ƙaranci, sai 'yan katako suka juyo Afirka ta Yamma, daga Gambiya da Senegal zuwa Ghana da Benin, har suka iso Nijeriya, inda saran ya yi tsanani a jihohi irin su Kogi da Taraba. A 2016 aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido. A 2017 wata ƙungiyar binciken muhalli, EIA, ta ba da rahoton cewa gungume kusan miliyan 1.4 daga Nijeriya, masu darajar dala miliyan 300, sun shiga Sin ta hanyar da ta saɓa ƙa'ida. A 2018 aka dakatar da cinikin madobiyar Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar. Icen da ya ɗauki shekaru masu yawa yana girma ya tafi a kan kuɗi kaɗan, ya zama kujerar alfarma a falon wani.

Yanzu mu dawo gida, mu leƙa ɗakin tsohuwa a ƙasar Safana ko Batsari. Akwai akushi baƙi wuluk da masassaƙi ya fafe da gizago daga gungume guda, wanda tuwo ke daɗewa a cikinsa bai huce ba. Akwai kujera 'yar tsugunno da aka kawo ta da ita ranar tarewa, da turmin ƙirya, da ƙore masu zane, da faya-fayai, da tasoshin tagulla. Waɗannan su ne jeren amaren da, kuma da su ake gane gatan yarinya. Kwanonin sha da na jere masu fenti ne suka fara ture su, kuma abin lura, 'yan kasuwar Sin daga Hong Kong na cikin waɗanda suka kafa masana'antun irin waɗannan kwanoni a Legas da Kano wajejen shekarun 1960. Bayan kwano sai tangaran, sai roba. Akushi ya koma mazubin dusar awaki, tasa kuma ta tafi hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke saye a kan sikeli, ba ruwansu da wanda ya ƙera ta.

Yau kuma ga abin da ya fi canjin yayi muni. Ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu sun sha hare-haren 'yan bindiga, iyalai da yawa sun yi gudun hijira zuwa Batsari da Dutsinma da Katsina. Mai gudun tsira da rai goyo take ɗauka da ɗan abin rufa, ba wanda zai ce mata ta tsaya neman akushi. Abin da wuta ta bari, gara ta ƙarasa. Tsoffin da suka san sunan masassaƙin da asalin kowace tasa suna ta ƙarewa.

Ba na ce akushin kaka zai yi kuɗin kujerar Ming ba, kuma bai kamata a so shi don haka ba. Mun ga yadda kasuwa ta yi da gumakan yumɓu na yankunan Katsina da Sakkwato, waɗanda aka haƙe aka fitar har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000, duk da dokar 1979 da ta hana fitar da kayan tarihi ba izini. Darasin Sin shi ne, kafin farashi ya tashi sai da aka sami masu aunawa, masu tambaya, masu rubutawa. Wannan aiki ne da ba ya bukatar jari. Duk mai tsohuwa a gida ya zauna da ita ya tambaye ta: Kaka, wa ya sassaƙa wannan, da wane icce, a wace kasuwa aka saye shi, a auren wa? Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya rubuta amsar, ya adana. Wanda ba shi da wurin ajiya yana iya tuntuɓar gidan tarihi na Katsina, da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ko Gidan Makama a Kano. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai in an sami wanda ya ajiye ta.