Lambun da Talakawan Landan Suka Nema da Kansu

Manyan lambunan birnin Landan da baƙi ke tururuwar gani a yau, yawancinsu asalinsu gandun farautar sarakuna ne. Hyde Park, wanda ya fi su suna, ƙasar majami'ar Westminster ce. Sarki Henry na Takwas ya karɓe ta a 1536, ya kewaye ta da shinge don shi da fadawansa su riƙa farautar bareyi. Sai a 1637 Sarki Charles na Ɗaya ya buɗe wa jama'a ƙofa. Irin waɗannan lambuna galibi a yammacin birni suke, unguwannin masu hannu da shuni. Ni kuwa wanda tarihinsa ya fi kama mini zuciya a gabas yake, sunansa Victoria Park, kuma talakawa ne suka tashi suka nema kafin a yi shi.

Gabashin Landan a shekarun 1830 wuri ne mai wuyar zama. Can masaƙan alharini na Spitalfields da Bethnal Green suke, sana'arsu tana mutuwa a hannunsu, ga kuma 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Iyali guda a ɗaki guda, a nan ake saƙa, a nan ake girki, a nan ake kwana. Iskar garin yawanci daga yamma take busowa, sai ta kwaso hayaƙin kwal ta juye musu. A 1832 kwalara ta shigo ta yi ɓarna. Mutumin da yake aiki kwana shida a mako, in yana son yaransa su taka ciyawa ranar Lahadi, sai ya ratsa birni kaf da ƙafa.

A 1839 William Farr, likitan da ke tattara alƙaluman mace-mace na gwamnati, ya rubuta cewa fili guda na shan iska a gabashin birnin zai iya rage mutuwa da dubbai a kowace shekara. Likitocin zamanin sun ɗauka wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo annoba. Daga baya, a 1854, John Snow ya nuna cewa kwalara ta ruwan sha take bi. To amma ko da dalilin nasu bai cika ba, abin da suka nema daidai ne, domin cunkoso yana yaɗa tarin fuka, rashin hasken rana kuma yana lanƙwasa ƙashin yara.

Mutanen gabas ba su tsaya jiran tausayi ba. A 1840 suka aika wa Sarauniya Victoria takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum kusan 30,000. Shekara ta zagayo majalisar dokoki ta amince. Kuɗin ma daga yamma suka fito: an sayar da wani katafaren gida na masarauta mai suna York House kan fam 72,000, aka sayi fili da su. Filin ba wani abin a zo a gani ba ne, ramukan tsakuwa ne da wuraren gasa tubali da gonakin kayan miya a bakin gari. James Pennethorne ya zana tsarinsa, aka dasa itatuwa. A 1845, tun aiki bai kammala ba, jama'a suka fara shiga abinsu ba tare da wani bikin buɗewa ba. Sarauniyar da aka sa wa wurin sunanta sai a 1873 ta zo ta gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka mayar da lambun nasu. An haƙa tafkuna, maza da samari waɗanda gidajensu ba wurin wanka suka riƙa sammako su yi iyo kafin su tafi aiki. A 1862 attajira Angela Burdett-Coutts ta gina famfon ruwan sha mai tsabta a ciki, a yankin da ruwa mai kyau yake wuyar samu. Aka kawo rumfunan dutse guda biyu daga tsohuwar gadar Landan da aka rushe, mutane suna zama a cikinsu har gobe. Masaƙan nan, da ma an san su da son renon furanni, sun sami inda za su kashe kwarkwatar ido. Ranar Lahadi kuma wurin ya zama dandalin muhawara, masu wa'azi da 'yan ƙwadago kowa da taronsa, har irin su William Morris sun yi jawabi a can.

Guguwar ba ta tsaya a Landan ba. A 1847 garin Birkenhead, kusa da Liverpool, ya buɗe nasa lambun da kuɗin jama'a, bisa zanen Joseph Paxton. Wani Ba'amurke, Frederick Law Olmsted, ya ziyarce shi a 1850, ya yi mamakin ganin mai kuɗi da talaka suna yawo a hanya ɗaya. Shi ne daga baya ya haɗu da Calvert Vaux suka zana Central Park na New York.

Da an yi jinkirin shekara ashirin ko talatin, da wuya a sami Victoria Park, domin cikin ɗan lokaci gidaje suka kewaye shi ta kowace kusurwa. Hekta 86 na filinsa sun tsira ne saboda an saye su tun suna bayan gari, lokacin da ba wanda ya ga darajarsu. Fili in aka yanka shi fuloti-fuloti aka ɗora gini, ya tafi ke nan. Shi ya sa nake ganin garin da yake bunƙasa bai kamata ya jira sai ya yi arziki kafin ya ware wa mutanensa wurin shan iska ba. Talakawan Bethnal Green sun gane haka suna cikin tsananin babu, suka kuma sa hannu don jikokin da ba su gani ba.