Kif a Maroko: Daga Hannun Kamfanin Taba zuwa Dokar 2021

A shekara ta 1916 Faransa ta kafa dokar da ta hana ƴan ƙasarta shan wiwi. Amma a Maroko, wadda ta shiga ƙarƙashin ikonta tun 1912, ba ta hana ba, ciniki ta mai da shi. Kamfanin taba da ke hannun masu jarin Faransa shi kaɗai ke da izinin saye da sayar da kif, wato ganyen wiwi da ake yankawa a gauraya da taba a zuba cikin lofe. Dokar 1932 ta ce kada kowa ya shuka sai wanda ke yi wa kamfanin noma. Ba lafiyar mashaya aka duba ba a nan. Abin da aka tsare shi ne ribar kamfani, kada ƴan sumoga su raba ta.

Sai a 1954 aka haramta shi ɗungurungum a yankin Faransa. Duwatsun Rif kuwa na hannun Sifaniya, dokar ba ta kai can ba. Bayan samun ƴancin kai a 1956 haramcin ya game ƙasa, amma manoman Ketama ba su daina ba, domin ƙasarsu tsandauri ce, hatsi ba ya ciyar da gida. Kasuwar Turai ta buɗe, dillalai suka kwashe riba, manomi ya tashi da sammacin kotu.

A 2021 majalisa ta halatta noman don magani da masana'antu, ban da shan nishaɗi, kuma daga baya aka keɓe shi ga jihohi uku na arewa. A watan Agusta 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa.