Hantsi a Cikin Ƙwan Fitila

A gidan kakata akwai wani kunkuru da ya girmi mahaifina. Ba wanda ya taɓa damuwa da yadda zai ji ɗumi. Da safe yakan fito daga ramin da ya haƙa a gindin rumbu, ya miƙe wuya da ƙafafu ya sha hantsi, in rana ta take ya koma inda ya fito. Hantsi leƙa gidan kowa, har gidan kunkuru.

Sai da na je Manchesta a wani watan Disamba na ga inda hantsi ba ya leƙawa. Ɗan ƙanwata yana kiwon kififfiya mai jan tabo a bayan ido cikin wani akwatin gilashi. A tsakiyar ruwan an ɗora mata dutse, a saman dutsen fitilu biyu. Na tambaye shi amfanin ta biyun, ya ce, "Kawu, wannan ta ɗumi ce, waccan kuma ta ƙashi." Wannan "ta ƙashi" ita ta sa na shiga bin diddigi, kuma zaren bai kai ni wajen masu kiwon dabbobi ba tukuna. Wajen yara ya fara kai ni.

A ƙarni na 19 hayaƙin gawayin kwal ya rufe sararin biranen masana'antu na Ingila, cutar laushin ƙashi ta addabi 'ya'yan talakawa: ƙafa ta gwame, ƙirji ya lotsa. Dabbobin gidan namun daji na Landan ma ba su tsira ba. A 1889 likita John Bland-Sutton ya bayyana yadda 'ya'yan zaki da ke mutuwa da cutar suka murmure da aka haɗa musu man hantar kifi da dakakken ƙashi a abinci. Shekara 30 bayan haka, a Balin, likitan yara Kurt Huldschinsky ya zaunar da yara masu cutar a gaban wata fitila mai fitar da hasken da ido ba ya gani, ƙashinsu ya yi ƙwari. A 1922 Elmer McCollum da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarin da ake kira bitamin D. Sannu a hankali aka gane cewa fata ce ke haɗa shi idan wancan hasken da ido ba ya gani, wato UVB, ya taɓa ta, kuma in babu shi jiki ba ya iya jan isasshen kalsiyam daga abinci. Gilashin taga na yau da kullum yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare hasken UVB. Dabba tana iya wuni a jikin taga rana na dukanta, ƙashinta na ci gaba da narkewa.

Wadda ta fi burge ni a labarin nan ita ce Joan Procter. A 1923 aka ba ta kula da macizai da ƙadangaru da kunkuru a gidan namun dajin Landan, tana 'yar shekara 26, kuma tana fama da rashin lafiyar da ba ta rabu da ita ba. Ita ta tsara sabon ɗakinsu da aka buɗe a 1927. Ta sa aka yi amfani da Vita-glass, sabon gilashi mai barin wancan haske ya ratsa, ta kuma sa aka ɗumama wuraren da lantarki, kowane gwargwadon buƙatar mai zama cikinsa. Ta fahimci cewa dabbar da ba ta samar da ɗumin jikinta da kanta ba ta iya ko narkar da abinci sai ta ji zafi daga waje. Ta rasu a 1931 tana da shekara 34.

Ilimin ya daɗe bai isa kasuwa ba, kuma wannan na ci mini rai. Daga shekarun 1950 gonakin jihar Luwiziyana suka riƙa ƙyanƙyashe 'ya'yan irin kififfiyar ɗan ƙanwata miliyoyi. Ana sayar da su da arha a kantuna tare da ɗan kwanon roba mai bishiyar roba a tsakiya. Ba fitila, ba ɗumi. Ƙoƙon bayansu ya yi laushi, ido ya kumbura, yawancinsu ba sa cika shekara, alhali dabba ce da kan kai shekara 30. Abin da ya taka wa cinikin birki ma ba mutuwarsu ba ce. Yara ne suka riƙa kamuwa da ƙwayar cutar salmonela, don suna wasa da su har su kai su baki, shi ne a 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da duk wadda ƙoƙonta bai kai inci 4 ba. Fitilar UVB da aka ƙera musamman don irin waɗannan dabbobi sai a shekarun 1990 ta yawaita a shaguna.

Dangin kunkurun kakata ma sun shiga wannan hali. Babban kunkurun nan na Sahel an yi ta fitar da shi zuwa Amurka har aka hana shigo da shi a 2000 saboda kaska, kuma jikokinsa da aka ƙyanƙyashe a can suna cin hunturu a ƙarƙashin fitila.

Yaron ya nuna mini ma'aunin zafi da ya liƙa a gefen dutsen, yana kan digiri 33. Ya ce ƙwan na biyu yakan daina fitar da hasken ƙashi tun yana ci, don haka yake canza shi kafin shekara ta zagayo. A gindin ƙwan ya rubuta ranar da ya saka shi da baƙin alƙalami. Kififfiyar ta hau dutsen, ta miƙe wuya, ta baje ƙafafun baya, daidai yadda na gindin rumbu yake yi.